Koyar da Magana da Turanci a Jami'a: Yadda Ake Sa Ɗalibai Su Saki Baki

Ɗalibin da ya shigo jami'a bayan shekaru yana karatun Turanci a matsayin baƙon harshe yakan iya cike gurbi a takardar jarrabawa, ya karanta shafi guda ya gane abin da ake nufi. Amma a tsayar da shi a yi masa tambaya baki da baki, nan take sai ya daburce ya shiga kame-kame. Sanin ƙa'idar nahawu daban, iya zaro ta cikin daƙiƙa ɗaya alhali wani ya zuba maka ido yana jiran amsa daban. Na biyun ba ya samuwa sai da yi, kuma yawancin ɗaliban nan ba a taɓa ba su filin yin ba.

Hanyar koyarwa ta sadarwa ta taso ne don maganin wannan. A 1972 Dell Hymes ya nuna cewa iya harshe bai tsaya ga haɗa jimla daidai ba, ya haɗa da sanin abin da ya dace a faɗa, ga wa, a wane wuri. Merrill Swain kuma ta lura da yaran Kanada da suka yi shekaru ana koya musu darussa da Faransanci: suna ji sarai, amma maganarsu ba ta kai jinsu ba. A 1985 ta kafa hujjar cewa sauraro kaɗai bai wadatar ba, sai an matsa wa mai koyo ya furta, domin a lokacin furtawa ne yake karo da abin da bai iya ba.

Makon farko: san inda suke

Kafin ka buɗe manhaja, sa kowane ɗalibi ya ɗauki muryarsa a waya na minti biyu yana amsa abu uku: ya gabatar da kansa, ya ba da labarin wani abu da ya wuce, ya faɗi ra'ayinsa kan wani batu tare da dalili. Idan kana saurare, kada ka shagala da ƙirga kurakurai. Duba kalma nawa yake jerawa kafin ya tsaya, da inda yake tsayawar. Wanda ke numfasawa a ƙarshen jimla lafiyarsa ƙalau. Wanda ke cijewa a tsakiyarta yana laluben kalma ne ko yana fassara daga harshensa.

Ma'aunin CEFR da Majalisar Turai ta fitar a 2001 ya kasa iya harshe hawa shida, daga A1 zuwa C2. Ɗan A2 yana iya gajeriyar musayar magana kan al'amuran yau da kullum, ɗan B1 yana ba da labari ya kawo dalili a taƙaice, ɗan B2 yana kare ra'ayinsa ba tare da dogon shiri ba. Aikin da ya dace da B2 idan ka ɗora wa A2, shiru za ka samu.

Tambaye su kuma inda za su buƙaci Turancin. Mai karatun injiniya zai bayyana yadda na'ura ke aiki, mai karatun likita zai yi wa majiyyaci tambayoyi, kusan kowa zai gabatar da bincike ya amsa tambaya. Daga nan ka rubuta burin zangon da sigar "zai iya": zai iya neman ƙarin bayani ba tare da ya ji nauyi ba, zai iya saɓa wa ra'ayin wani cikin ladabi.

Yi lissafin minti

Ɗauki aji mai ɗalibai 40 da darasin minti 50. Idan malami ne ke tambaya ɗaya bayan ɗaya, aƙalla rabin lokacin bakinsa zai cinye. Minti 25 da suka rage idan aka raba wa mutum 40, kowa bai kai daƙiƙa 40 ba. Darasi biyu a mako na tsawon mako 12, jimillar maganar ɗalibi minti 15 ke nan a zango guda. Amma a haɗa su bibbiyu na minti 20, kowa ya sami minti 10 a zama ɗaya. Zama biyu kacal sun zarce abin da zango guda ya bayar.

Malamai da dama suna tsoron ɗalibai za su kwashi kurakuran juna. Nazarin Michael Long da Patricia Porter na 1985 ya nuna cewa daidaiton nahawun ɗalibai a rukuni bai gaza wanda suke yi a gaban malami ba, sai dai yawan maganar da ire-irenta suna ƙaruwa.

Ƙirƙiro dalilin magana

Nan ne zuciyar aikin. Mutum ba ya magana da gaske sai akwai abin da ya sani wanda abokinsa bai sani ba, ko abin da yake nema a wurinsa. Malamin da ya ɗaga biro ya ce "What is this?" ya san amsa, ɗalibai ma sun san ya sani, saboda haka babu sadarwa a ciki. N. S. Prabhu, wanda ya jagoranci wani gwajin koyarwa a Bangalore ta Indiya daga 1979, ya kasa ayyukan da ke haifar da magana gida uku: giɓin bayani, giɓin tunani, da giɓin ra'ayi.

Giɓin bayani shi ne mafi sauƙin farawa. Ka shirya jadawalin mako iri biyu, na A da na B, kowanne da darussansa da lokutan hutunsa. Kowa ya riƙe nasa ba tare da ya nuna ba, aikinsu su gano awa biyu da dukansu ba su da komai don su haɗu su yi aikin rukuni. Ka tsara jadawalin yadda lokaci ɗaya tak ne zai dace. Idan ka matso kusa za ka ji irin wannan: ɗaya ta ce "Are you free on Thursday at two?", ɗayan ya yamutsa fuska ya ce "Sorry, Tuesday?", ita kuma ta girgiza kai, ta ɗan yi jim, ta ce "No, Thursday, the day before Friday." Wannan 'yar sarƙewa da warwarewar ita ce darasin. Ba a fahimce ta ba, ta gane haka, ta gyara furucinta, ta nemo wata hanya.

Giɓin tunani yana buƙatar su haɗa bayanai su fito da abin da ba a rubuta ba, kamar zaɓen hanyar tafiya mafi arha daga jadawalin jirage uku. Giɓin ra'ayi shi ne na ƙarshe, kuma shi malamai suka fi gaggawar farawa da shi. A ce wa aji "ku tattauna kan sauyin yanayi", minti biyu sai a yi tsit. Dalili kuwa, an nemi ɗalibi ya ƙirƙiro ra'ayi ya kuma nemo harshen faɗarsa a lokaci guda, sannan babu inda zancen ya dosa. Gyaran shi ne a sa masa ƙarshe: ga matakai biyar da jami'a za ta iya ɗauka don rage shan wutar lantarki, kuɗin da ke akwai na biyu ne kawai, rukuni ya amince da biyun ya kare zaɓinsa. Duk aikin da za ka kawo, tambayi kanka: da me za su san sun gama? In babu amsa, aikin bai nuna ba tukuna.

Abin da ya fi ɓata giɓin bayani shi ne leƙen takarda. Da zarar sun ajiye takardun gefe da gefe, magana ta ƙare. Zaunar da su suna fuskantar juna da littafi a tsaye a tsakani, ko su juya wa juna baya. Masu saurin gamawa kuma ka tanadar musu ƙarin tambaya a bayan takardar, in ba haka ba hira za su ɓarke da ita da harshensu. Idan ka haɗa mai ƙarfi da mai rauni, ba wa mai raunin bayanin da ake nema. Hakan yana tilasta wa mai ƙarfin ya tambaya ya saurara, maimakon ya kankane zancen.

Tsarin zama guda na minti 90

Jane Willis a 1996 ta shimfiɗa tsari mai zango uku: share fage, yin aikin tare da ba da rahoto, sannan duba harshe. Ga yadda za a iya kasa shi.

Minti 10 na farko a gabatar da batun, a saurari ɗan faifan minti ɗaya ko biyu na mutum biyu da suka iya harshen suna yin makamancin aikin. Minti 10 na gaba a tsamo jimloli shida zuwa takwas masu amfani daga faifan, a rubuta a allo, a furta su tare har bakin ya saba. Kada su wuce takwas, domin abin da ya fi haka ba ya bin ɗalibi cikin aikin. Sai minti 5 na shiri cikin shiru, kowa ya rubuta kalmomin tuni kawai. Hana rubuta cikakkiyar jimla, in ba haka ba karatu za a yi maka. Binciken Pauline Foster da Peter Skehan na 1996 ya nuna cewa ɗan lokacin shiri yana rage inda-inda, yana kuma sa ɗalibai su gwada jimloli masu zurfi.

Aikin kansa minti 15. Bayansa kowane rukuni ya ɗauki minti 10 yana shirya abin da zai faɗa wa aji, kuma a nan ne malami ya fi amfani: yana zagayawa, yana ba da kalmar da aka nema, yana goge jimla. Ɗalibin da ya san zai tsaya gaban jama'a da kansa yake neman daidaito. Rahoton minti 15, rukuni uku ko huɗu sun isa. Sauran a ba su aikin sauraro, misali su rubuta inda zaɓinsu ya bambanta da na masu rahoto. Masu sauraron da ba su da aiki wayoyinsu za su koma. Minti 15 a duba harshen da ya fito, minti 10 na ƙarshe a maimaita aikin da sabon abokin zance. Wannan maimaicin ne ake yawan yankewa idan lokaci ya ƙure, alhali a cikinsa ne gyaran da aka yi yake shiga baki. Gara a rage rahoto.

Game da umarni: faɗe shi kafin ka raba takarda, don da zarar takarda ta shiga hannu kunne ya tafi. Gwada aikin da ɗalibi guda a gaban aji na rabin minti. Kada ka ce "kun gane?", kowa zai gyaɗa kai. Tambayi abin da ke da amsa: za ka nuna wa abokinka takardarka? Minti nawa kuke da shi? Rukunin yanke shawara kada ya wuce mutum huɗu, daga biyar zuwa sama wani zai ɓuya.

Atisayen sakin harshe

Dabarar 4/3/2, wadda Keith Maurice ya bayyana a 1983 kuma Paul Nation ya gwada a 1989, tana da sauƙi. A jera ɗalibai layi biyu suna fuskantar juna. Layi ɗaya ya yi magana kan batu na minti huɗu, ɗayan yana saurare ba katsewa. A matsa gaba da mutum ɗaya, a maimaita wannan magana ga sabon mai sauraro cikin minti uku, sannan ga na uku cikin minti biyu. Sai a juya. Sabon mai sauraro yana hana abin zama hadda, raguwar lokaci kuma tana tilasta sauri.

Sharaɗinta batun ya zama sananne, babu sabuwar kalma, babu gyara. Ga 'yan A2 a rage zuwa daƙiƙa 90, 60 da 45. Rauninta shi ne kuskuren zagayen farko yakan bi ɗalibi har na uku, domin gaggawa ba ta barin sa ya gyara. Idan daidaito kake nema, bar lokacin daidai a duk zagayen, ka ba da minti ɗaya a tsakani don ya duba abin da ya cije masa.

Koya musu kuma dabarun ceto zance a matsayin darasi mai zaman kansa: neman a maimaita, "Could you say that again?", sayen lokaci, "Let me think", tabbatar da fahimta, "So you mean...". Mafi girmansu ita ce kewaya kalmar da ta ɓace. Rubuta sunayen abubuwa a ƙananan katuna, ɗalibi ya kwatanta abin ba tare da ya ambaci sunan ba: "It's a thing you use for..." Kalmomi 2,000 zuwa 3,000 da aka fi amfani da su suna ɗauke kusan kashi 95 cikin 100 na hirar yau da kullum. Saboda haka ɗalibin jami'a sau da yawa ba ƙarancin kalmomi ke damunsa ba, rashin saurin zaro waɗanda ya riga ya sani ne.

Gyaran kuskure

Katse ɗalibi a tsakiyar magana sau biyu ya isa ya rufe masa baki har ƙarshen darasi. Barin kuskure kwata-kwata kuma zalunci ne, don zai daskare. Abin lura shi ne lokaci. Yayin aikin sadarwa, riƙe littafin rubutu ka kasa shafi uku: jimloli masu kyau da ka ji, kurakurai, da wuraren da suka rasa abin faɗa suka koma harshensu. Kashi na ukun shi ne manhajar mako mai zuwa. Bayan aikin, rubuta jimla shida a allo ba tare da suna ba, biyu daidai huɗu da matsala, su gano su gyara bibbiyu, sannan su furta gyararriyar da baki.

Ba kowane kuskure ya cancanci allo ba. Fara da wanda ya hana fahimta, sai wanda ya shafi darasin ranar, sai wanda rabin aji ke yi. Harafin "s" na "she works" yana daga abubuwan da suke jinkirin zama a bakin mai koyo ko da ya san ƙa'idar, kada ka ƙarar da darasi a kansa.

Lokacin atisayen daidaito kuwa gyara nan take ya dace, amma salonsa yana da tasiri. Roy Lyster da Leila Ranta a 1997 sun gano cewa fiye da rabin gyaran malamai shi ne maimaita jimlar ɗalibi a gyare, kuma wannan salon ne ya fi ƙarancin sa ɗalibi ya gyara da kansa. Ɗalibi ya ce "Yesterday I go to the library", malami ya ce "Oh, you went to the library", ɗalibi ya ce "Yes" ya wuce, ya ɗauka amincewa aka yi. Da malamin ya ce "Yesterday I...?" ya dakata, ɗalibin ne zai nemo "went" da kansa. Wannan yana aiki ne kawai idan ya riga ya san siffar. Abin da bai taɓa koya ba, faɗa masa za ka yi.

Furuci

Burin shi ne a fahimce su, ba su koma kamar haifaffun Landan ba. Jennifer Jenkins a 2000 ta nazarci inda fahimta ke rushewa tsakanin masu Turanci daga harsuna daban-daban. Ta gano cewa yawancin baƙaƙe, tsawon wasali kamar bambancin "ship" da "sheep", cunkoson baƙaƙe a farkon kalma, da kalmar da aka danna a jimla su ne masu muhimmanci, sautin "th" kuwa ba kasafai yake jawo ruɗani ba. Kowane harshe da inda yake tuntuɓe: Balarabe da "p" da "b", ɗan Japan da "r" da "l", Bahaushe da "p" da "f". Minti biyar zuwa goma a kowane zama ya fi darasi guda cikakke a zango. Mayar da shi giɓin bayani: ɗaya ya karanta jerin lambobi masu "thirteen" da "thirty", ɗayan ya rubuta, su kwatanta.

Masu shiru, masu kankanewa, da komawa harshen uwa

Mary Budd Rowe ta gano a azuzuwan kimiyya na Amurka cewa malamai suna jira kusan daƙiƙa ɗaya bayan tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi suna tsawaita, masu amsawa suna ƙaruwa. Mai magana da baƙon harshe ya fi buƙatar haka. Ƙirga biyar a zuci kafin ka sa baki. Kada ka jefa wa mai kunya tambaya ba zato a gaban aji. A yi tunani minti ɗaya, a faɗa wa na kusa, sannan a kira suna. Ya riga ya gwada amsar sau ɗaya. Dariya ga kuskuren wani kuwa a kashe ta tun ranar farko, domin ɗalibin da aka yi wa dariya sau ɗaya yana iya yin shiru har zango ya ƙare.

Ga masu kankane zance, ba wa kowa a rukuni ƙananan takardu uku, duk wanda ya yi magana ya ajiye ɗaya, wanda nasa suka ƙare ya saurara sai kowa ya ƙarar. Ko ka naɗa mai surutun shugaban da aikinsa tambayar wasu.

Idan aji ya koma harshen uwa, kafin ka yi faɗa duba aikin: ko ya yi wuya, ko umarni bai fito ba, ko lokacin ya yi yawa. Tara da horo ba sa magance ko ɗaya. Bar su su yi shiri da harshensu in suna so, amma aikin da rahoton da Turanci.

A babban aji mai kafaffun kujeru, layin gaba ya juyo ya fuskanci na baya. Ba za ka ji kowa ba, don haka kasa ɗakin kashi huɗu, kowane zama ka tsaya a kashi guda. A gida kuma kowa ya ɗauki muryarsa minti biyu a mako, ya rubuta minti ɗaya daga ciki kalma bayan kalma, ya gyara, ya sake ɗauka.

Jarrabawa

Idan an shafe zango ana magana sannan jarrabawa ta zo da cike gurbi, ɗaliban shekara mai zuwa za su ji labari, ba kuwa wanda zai ɗauki aikin rukuni da muhimmanci. Dole maki mai tsoka ya rataya a kan magana. Jarraba su bibbiyu, minti 10: minti biyu na tambayoyin sabawa, kowa ya yi maganar minti ɗaya shi kaɗai bayan ɗan shiri, sannan aikin yanke shawara tare. Ɗalibai 40 rukuni 20 ke nan, awa uku da minti 20, a kasa shi zama biyu don gajiya tana karkatar da maki.

Ba da maki a fanni huɗu, kowanne daga 0 zuwa 5: sakin harshe, daidaito da yalwar kalmomi, furuci, da mu'amala, wato ko yana saurare, yana tambaya, yana ba abokinsa fili. Raba musu wannan ma'auni tun makon farko. Gabatarwar da aka haddace ba ta auna komai sai hadda, saboda haka kowace gabatarwa a bi ta da tambaya biyu da ba a shirya musu ba. Ɗauki sautin kowace jarrabawa, kuma in malamai fiye da ɗaya ne ke ba da maki, su fara sauraron faifai biyar tare, kowa ya ba da nasa a ɓoye, su tattauna duk inda suka saɓa da fiye da maki ɗaya kafin a shiga sauran.